Lambar Wucin Gadi a Yamai: Yadda Za Ka Karɓe Ta, Ka Ɗaura Ta, Ka Rabu da Ita Kan Lokaci

Ranar da mutum ya sayi mota a Yamai, hankalinsa yana kan inji da tayu da ƙarar da yake ji in an taka totur. Ya ƙirga kuɗi, an miƙa masa makulli, dillali ya karɓi la'adarsa, yaran parki suna ta "Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare hanya." Ba kasafai ake samun wanda zai zagaya bayan motar ya tsaya ya dubi wurin lamba ba. Wani lokaci wurin wayam yake, sai ramukan ƙusa biyu. Wani lokaci kuma lambar ƙasar da motar ta baro ce har yanzu a manne. In ka yi magana, amsar da za ka ji ita ce: "Alhaji ka tafi kawai, sabuwar shigowa ce, kowa ya sani." Wannan magana ta kwanar da motoci da yawa a furiyer, wato inda hukuma ke tsare motocin da ta kama.

Na daɗe ina raka ƴan'uwa da ke tasowa daga Tawa su zo sayen mota, kuma abin da na fahimta guda ne. Tsakanin ranar saye da ranar da kart giriz, wato takardar mallakar mota, za ta fito akwai wani ɗan tsakani, kuma lambar wucin gadi aka yi domin ta rufa maka asiri a cikinsa. Amma ba ta tsayawa ita kaɗai. Abu uku ne suke tafiya tare: lambar da ke jikin mota, takardar da hukuma ta bayar da ita, da lambar shasi, wato wadda masu ƙera motar suka buga a jikin ƙarfenta. Duk ranar da ɗaya ya saɓa wa biyun, ko kwanan watan da ke kan takardar ya wuce, to kana tuƙi ne ba lamba, komai kyan ƙarfen da ka ɗaura.

Fara da sanin wace iri ce a gabanka

Lambar Nijar ta dindindin kowa ya san ta, mai ɗauke da RN, kuma kowace jiha da adadinta: 8 na Yamai, 5 na Tawa, 3 na Doso, 4 na Maraɗi. Ita ce inda za ka dosa. Waɗanda ake kira na wucin gadi kuwa sun fito ne daga tsarin da ƙasashenmu suka gada wurin Faransa, kuma mutane suna yawan cakuɗa su alhali aikinsu daban-daban ne.

Mai W guda ta masu sana'ar mota ce, wato dila ko mai gareji. Ba ta wata mota takamaimai ba ce, ta kamfanin ce, yana ɗaura ta don gwajin mota ko kai ta daga wuri zuwa wuri. Mai W biyu ita ce ta motar da aka saya ana jiran rajistarta ta ƙarshe, kuma wannan mota guda aka ba ita, da wa'adinta. Sai IT, ta motocin da suka shigo ƙasa na ɗan lokaci ba tare da an biya musu kuɗin duwan, wato kwastan, ba, irin na ayyukan raya ƙasa da ma'aikatan ƙungiyoyin waje. Idan wani ya kawo maka mota mai IT da araha, ka sani arahar ta fito ne daga kuɗin duwan da ba a biya ba, kuma kai za ka biya shi kafin motar ta koma sunanka. Akwai kuma motar da ta shigo da lambar wata ƙasa, misali ta Najeriya da ta ƙetaro daga Illela zuwa Ƙwanni. Ita ba a canza mata lamba, lese-pase, wato takardar izinin shigowa, ake ba ta a duwan, mai iyakantattun kwanaki.

Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne lambar Turai da ke zuwa manne da motocin da aka sauke daga jirgin ruwa. Ka lura da ta Jamus: in ka ga jan zane a gefen dama da lambobi uku a jere daga sama zuwa ƙasa, rana da wata da shekara ke nan da lambar za ta mutu, an yi ta ne don fitar da mota daga ƙasarsu. Mai rawayan zane kuwa kwana 5 kacal take yi. Kafin motar ta ratso teku ta iso Yamai, yawanci sun daɗe da mutuwa, kuma ko da ransu, ba su ne rajistar motarka a nan ba. Haka kwalin da ake rubuta lambobin ƙarshe na shasi da alƙalami a jingina a gilashi. Wannan alama ce ta masu parki don su gane kayansu, ba hukuma ta bayar da ita ba.

Shasi, kafin ko dala ta fita daga aljihunka

A nan nake so mu daɗe, domin duk takardar da za ta biyo baya daga nan take kwafe. Lambar shasi ta motocin zamani haruffa da lambobi 17 ce, haka aka daidaita ta tun 1981. Babu harafin I, babu O, babu Q a cikinta, an cire su ne don kada a rikita su da 1 da 0. Saboda haka in ka ga O a takarda, wani ne ya yi kuskuren rubutu, sifili ake nufi, kuma sai an gyara.

Je ka tsaya a gefen direba ka leƙa ƙasan gilashin gaba daga waje, a motoci da yawa za ka gan ta a wani ɗan ƙarfe. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda ko ƙarfe a jikin ginshiƙin ƙofar. Sannan ka sa a ɗaga maka kapo, wato murfin inji, ko a ɗage shimfiɗar ƙasan kujerar gaba, ka nemi inda aka buga ta a jikin ƙarfen motar kansa. Wannan ta ukun ita ce uwa. Ka shafa wurin da yatsa. In ka ji tudun walda, ko ka ga fentin wurin ya fi na kewayensa sabunta, ko haruffan ba su zauna a layi ɗaya ba, ka yi sallama ka bar motar ko da kuwa ta shiga ranka. Gani ya kori ji, kada ka yarda dillali ya karanta maka daga takarda kai kana gyaɗa kai.

Ni abin da nake yi, ina riƙe takarda, na sa wanda ya rako ni ya karanta daga jikin mota harafi-harafi da ƙarfi, sannan mu musanya. Wuraren da ake faɗawa su ne 5 da S, 8 da B, 2 da Z. Harafin farko yana gaya maka inda aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, K Koriya, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma yana nuna shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan yana da amfani ƙwarai, don shekarar mota tana shiga lissafin kuɗin duwan, kuma ita ce mai sayarwa ya fi son ya ƙara wa. Wasu tsofaffin motocin da aka yi don cikin Japan lambarsu ba ta kai 17 ba, wannan ba aibi ba ne muddin ta dace da takarda.

Ka ɗauki hoton duk wuraren uku da wayarka kafin ka bar parkin.

Takardun duwan da takardar saye

Yawancin motocin da muke saye a da ta Kwatano suke sauka su shigo ta Gaya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya da yawa suka koma sauka a Lome su ratso Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, mota tana daɗewa kafin ta iso, don haka takardun ratsowa da ta taho da su sukan iso a tsufe. Takardar ratsowa ta kawo mota ne kawai. Abin da kake nema a hannun mai sayarwa shi ne shaidar cewa an yi mata duwan a Nijar, da resin biyan kuɗin, kuma shasin da ke kansu ya zama wanda ka karanta da idonka.

Idan ba a yi mata duwan ba, ku yi magana a fili tun kafin ciniki ya faɗa: wa zai biya, kuma nawa aka rage maka saboda haka. A Yamai akwai gishe na bai-ɗaya na motoci da ake kira GUAN, wanda aka kafa don a tattara tantance mota da duwan da rajista a wuri guda. In za ka ɗauki tiranziter, wato mai sana'ar fitar da kaya daga duwan, ya bi maka, babu laifi, aikinsu ne kuma sun san ƙofofi. Sai dai kowane kuɗi ka ba shi ka nemi resinsa na hukuma, ladansa kuma ku yanke shi daban.

Takardar saye a rubuta ta da cikakken sunanka yadda yake a katin ɗan ƙasa, da na mai sayarwa, da shasi, da kuɗin, da kwanan wata, a kai a buga mata hatimi a kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, ko ma'aikatar magajin gari. Wanda zai saya wa mahaifinsa ko kawunsa ya yanke shawara tun yanzu sunan wa za a sa. Canza suna daga baya wata sabuwar ɗawainiya ce da sabon kuɗi.

Asirans kafin taya ta juya

Mutane da yawa suna cewa sai lamba ta fito za su yi asirans, wato inshora. Ba sai an jira ba, kamfanonin suna yin ta a kan lambar shasi. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar inshora ta wasu ƙasashen Afirka, wadda ta wajabta wa kowace mota asirans ta biyan diyyar wanda ka yi wa ɓarna. Tun 2011 kuma dokar ta ce asirans ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, don haka "na yi magana da mutumina, gobe zan kai masa" ba ya kare kowa. Kwanakin farko su ne mafi hatsari, ba ka saba da birkin motar ba, ba ka san faɗinta ba, ga cunkoson babura a kowane shataletale. Ka biya, ka karɓi takardar a hannu, ka duba ranar da ta fara da ranar da za ta ƙare.

Karɓar lambar

Idan ka ajiye takardun neman rajista, kada ka bar tagar sai da shaidar ajiyewa da takardar da ta ba ka izinin yawo kafin kart giriz ta fito. Ka matsa gefe, kada ka fita harabar, ka karanta ta a tsanake. Sunanka daidai ne? Shasi ya cika? Samfurin motar da launinta su ne? Akwai hatimi da sa hannu? Daga wace rana zuwa wace rana? Gyaran kuskure a lokacin aikin minti kaɗan ne tunda ma'aikacin da ya rubuta yana zaune. In ka tafi ka dawo bayan mako biyu, sai an nemo fayil.

Kafin ka juya, yi wa ma'aikacin tambaya biyu, kai da bakinka ba ta bakin ɗan aike ba. Ta farko, wannan takarda ta ba ni damar fita Yamai zuwa wata jiha? Ta biyu, in wa'adinta ya cika kart giriz ba ta fito ba, ina zan zo kuma da me? Amsar da ka ji ka rubuta ta a bayan fotokopinka tare da ranar.

Ranar ƙarewar nan ka sa ta a wayarka ta yi maka ƙara saura kwana goma, ta sake yi saura uku. Ka dubi kalanda kuma. Ofisoshin gwamnati rabin wuni suke yi ranar Juma'a, Asabar da Lahadi a rufe suke, ga hutun salla da sauran ranakun hutu. Wa'adin da zai cika ranar Lahadi, a wurinka ranar Alhamis ya cika.

Ɗaurawa

Dokar hanya ta ƙasarmu, wadda aka sabunta a 2014, tana son lamba ta kasance a bayyane ana iya karanta ta. Mota gaba da baya, babur a baya. Lambar wucin gadi ba ta fita daga wannan hukunci ba don kawai kwanakinta kaɗan ne. A buga maka ita wurin masu buga lamba da hukuma ta yarda da su, da haruffan da ke kan takardarka ba ƙari ba ragi. Kada ka kai wa mai fentin allon shago ya zana maka.

Fara da cire duk wata tsohuwar lamba. Mota ba ta ɗaukar lamba biyu, kuma barin ta Turai a gaba da ta wucin gadi a baya yana sa jami'i ya yi zaton akwai abin da ake ɓoyewa. Sannan ka auna gurbin. Motocin Turai gurbinsu dogo ne siriri, na lamba mai tsawon santimita 52 da faɗin 11. Na Amurka gajere ne, kusan santimita 30 da 15. Wanda ya sayi Camry ko Corolla ta Amurka ya buga doguwar lamba zai tarar ba ta shiga gurbin baya, sai ka ga an lanƙwasa gefenta ko an datse. Ka gaya wa mai bugawa irin motarka tun farko ya yi maka wadda ta dace.

Wurin huda, ɗora lambar a gurbin ka yi alama da alƙalami daidai ramukan da ke jikin motar, ka tabbata ramin bai faɗa kan harafi ba. Kan ƙusa guda a tsakiyar 0 yana mai da shi 8 ga mai hange daga nesa. Tunda za ka cire ta nan ba da daɗewa ba, ƙusa mai murɗi ta fi, ka sa mata zoben roba a baya don kada ta riƙa kaɗawa tana cin fenti. A Katako za ka same su ba tsada. In parshok na gaba, wato bamba, ba shi da gurbi, kamar yadda wasu motocin Amurka suke zuwa, a sa masa mazaunin lamba na roba a tsakiya. Waya da igiya da salatif duk na gwada ganinsu a hanya, ba sa kai Doso. Ramin farko da ka faɗa da gudu, lambar ta tafi, kai ba ka sani ba.

Jingina lamba a cikin gilashi shi ne abin da aka fi yi, shi ne kuma ya fi jawo tsayarwa. Da rana gilashi yana walƙiya ba a ganin komai, da dare babu fitilar da ke haska ta, in gilashin mai duhu ne kuwa an gama. Bayan haka ƙarfe ne mai kaifi a gaban fuskar wanda ke zaune gaba, birki guda mai ƙarfi ya isa ya tashe shi. Kada ka rufe ta da roba mai duhu, kada ƙarfen kariya ko tayar sauyi su kare ta. Da magariba ka kunna fitila ka zagaya baya ka ga ƴar fitilar da ke haska lamba tana ci, don motocin da suka daɗe a tashar jirgin ruwa sukan zo da ƙwanta a mace. Daga nan ka ja baya taku ashirin ka karanta. In kai da ka san lambar sai ka ƙanƙance ido, wanda bai san ta ba fa? Lokacin hunturu ƙura tana rufe ta cikin wuni guda, da damina kuma taɓo, don haka tsumma ya zauna a motar.

Takarda da rana

Wannan na koye shi da tsada. Kawuna ya aiko ni na saya masa mota, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40. Na karɓi takardar wucin gadi da resi, na shimfiɗa su a gaban mota ƙarƙashin gilashi, a tunanina duk wanda ya tsayar da ni zai gani ba sai na yi lalube ba. Motar ta yi kwanaki tana wuni a rana a ƙofar gida. Ranar da muka kama hanyar Tawa, aka tsayar da mu a wani shinge.

"Malam, takardun mota."

Na miƙa. Ya juya su, ya ɗaga su sama yana dubawa, ya ce, "Ina ranar ƙarewa?" Na karɓa na duba. Hatimin ya koɗe ya zama kamar inuwa, ranar da aka rubuta da biro ta dushe, resin kuwa, irin takardar nan mai santsi da inji ke fitarwa, ya yi baƙi ƙirin. Kawu ya sauko ya ce, "Ɗana, ka yi mana haƙuri, wallahi motar halal ce." Jami'in ya ce, "Baba, ban ce ta sata ba ce. Amma ni me zan karanta?" Gaskiyarsa ce. Muka yi awa uku a gefen hanya, dattijo mai ciwon ƙafa yana zaune a gindin bishiya, har aka samu wanda ya turo mana hoton kwafin da ke wurin tiranziter. Har yau in na tuna zaman nan nasa raina yana ɓaci.

Tun daga ranar, ga yadda nake yi. Duk takarda a yi mata fotokopi biyu ranar da aka karɓe ta, a ɗauki hotonta a waya, a tura wa wani na gida. Ta asali a sa ta a jakar roba, a ajiye inda rana ba ta kaiwa, kuma in za ka kwana ka shiga da ita ɗaki. Kada ka manne ta da roba mai zafi irin ta katin shaida, don za a iya buƙatar a ƙara mata hatimi, kuma zafin injin yana ƙone resi. In an ce lalle wata takarda ta kasance a gilashi, ka tambaya ko kwafi zai wadatar.

A kan hanya

Daga Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne: Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, sai ka bar babbar hanya a Tsarnawa ka yi arewa. Shingaye suna da yawa, na ƴan sanda da jandarmomi da duwan, kuma mota mai lambar wucin gadi ita ake fara nunawa da hannu. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cin fuska. Tun watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihohin Tilaberi da Tawa, ciki har da Tiliya da Tasara, kuma kowa ya san ɓarnar da aka yi da motoci da baburan da ba a san masu su ba. Wanda ke tsaye a shinge yana da dalilin da zai sa ya bincika.

Ka jera takardunka tun daga gida yadda za a tambaye su: permi wato lasisin tuƙi, katin ɗan ƙasa, takardar wucin gadi, asirans, takardun duwan, takardar saye, da ta bizit, wato duba lafiyar mota, in ka riga ka yi. Rage gudu tun daga nesa, sauke gilashi, in dare ne ka kashe manyan fitilu ka kunna ta ciki. "Shef, barka da aiki," sannan ka miƙa. In ya ce a buɗe kapo zai duba shasi, ka nuna masa wurin da kanka tunda ka riga ka san shi. In an ce ka yi laifi za a ci ka tara, ka nemi a rubuta maka, ka biya, ka karɓi resi. Shawarata ita ce ka tashi da asuba ka isa da rana, don in wata matsala ta taso a samu ofis a buɗe da wanda zai ɗaga waya.

Wanda yake Tawa, Najeriya tana kusa, sai zuciya ta ce a leƙa Sakkwato da sabuwar mota. Ka daure har kart giriz ta fito. Jami'in wata ƙasa ba dole ne ya san takardar wucin gadinmu ba, kuma lese-pasen da za su ba ka a kan takardar mallaka suke rubuta shi.

In wani zai tuƙa motar ba kai ba, ɗanka ne ko direba, ka haɗa shi da takardun duka da kwafin katinka da ɗan rubutu mai sa hannunka cewa kai ka ba shi.

Aron lamba, hatsari da ɓacewa

Za ka samu mai gareji ko abokin arziki da zai ce, "Ga tawa ka ɗaura kafin taka ta fito." Zanen aro ba ya rufe katara. Lambar da aka ba wata mota, ɗaura ta a wata laifi ne da ya fi na rashin lamba nauyi, don ya shiga babin yaudara. Ka yi tunanin ka buge wani yaro a kan keke, ƴan sanda sun zo yin konsta, wato rubuta rahoton hatsari, lamba tana faɗin wata mota, shasi yana faɗin wata. Kamfanin asirans ya samu ƙofar da zai ja da baya, wanda ya ara maka kuma ka jawo shi cikin shari'ar da bai ji ba bai gani ba. Kai ma kada ka ba da taka, ko ga ɗan'uwanka na ciki ɗaya.

In hatsari ya auku kana kan lambar wucin gadi, kira 17 don ƴan sanda, 18 don masu agajin gaggawa in akwai rauni. Ka tabbata mai rubuta konsta ya sa lambar wucin gadin da shasi duka biyu, saboda lambar za ta canza kafin a gama biyan diyya, shasin ne zai riƙe maganar.

In lamba ta faɗi ko an kwance ta, kada ka je a buga wata shiru. Je kwamisariya mafi kusa ka yi shelar ɓata, ka karɓi takardar, da ita za ka koma a sake maka. Ba ka san motar da za a ɗaura wa wadda ta ɓace ba, ko abin da za a aikata da ita, kuma sunanka ne a rajista. Takardar shelar ita ce za ta nuna daga wace rana ta bar hannunka.

Lokacin da wa'adi ya matso

Kada ka zauna jiran a kira ka. Kowane mako ka leƙa ko ka buga waya ka ji inda fayil ɗinka ya kwana, don sau da yawa abin da ya tsayar da shi ƙaramin abu ne, hoto guda ko kwafin da ba a buga wa hatimi ba, kuma ba wanda zai neme ka ya gaya maka. Wayarka ta yi ƙarar saura kwana goma kart giriz ba ta fito ba, ɗauki shaidar ajiye takardu ka koma inda aka ba ka ta wucin gadin ka nemi abin yi tun da sauran ranta. In ta riga ta mutu, ajiye motar a gida ka hau taksi ka je. Kada ka taɓa kwanan watan da biro, ko da ɗigo guda ne, wannan ya zama jabun takardar hukuma.

Ranar da kart giriz ta fito, ka sake yin karatun nan na mutum biyu, ɗaya da takarda ɗaya a jikin mota, kafin ka sa hannu ka karɓa. A ɗaura sabbin lambobin gaba da baya a rana guda, wannan karon da ribe mai kama ƙarfe don kada a kwance su cikin dare. Daga can ka zarce kamfanin asirans su sauya maka takarda ta koma kan sabuwar lamba, haka takardar bizit da binyet, wato ta harajin mota, duk su ɗauki lamba guda. Tsohuwar ta wucin gadi, in an ce a mayar ka mayar ka karɓi shaida. In ba a nema ba, ka sa makaniki ya datsa ta gida biyu a gabanka, takardarta kuma ka haɗa ta da na duwan da ta saye a jaka ɗaya, don ranar da za ka sayar da motar mai saye zai tambaye su.